Kujera a Gaban Suruki

Ranar Juma'a ce, tsakiyar bazara. Rana ta take, babu iska, ruwan kanal ya ja baya har ana ganin gansakuka a jikin siminti.

Akwai wani matashi ana kiran sa Musaddiƙ, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ya yi sakandare ya tsaya. Gonarsa 'yar ƙarama ce, ba ta riƙe gida, don haka yakan yi dako da shanya a wani injin casar shinkafa idan da aiki. Idan babu, a zauna. Yana da mata, Ummul-Khairi, da 'ya ɗaya, Ilham.

A wannan shekara ƙungiyar manoman rani ta yankinsu ta yi shelar tana neman mai rabon ruwa. Shi ne mai riƙe makullin ƙofofin kanal. Ya buɗe wa wannan layi yau, gobe ya rufe ya buɗe wa wancan, har ruwa ya kai ga na can ƙarshe. Akwai albashi duk wata, akwai babur.

Wanda yake kan aikin a da, wani Baballe, korar sa aka yi. Manyan da gonakinsu ke bakin ruwa sun yi ta sa shi yana buɗe musu ba ranarsu ba. Da 'yan ƙarshen layi suka tayar da rigima, manyan nan suka zame, aka ɗora masa laifin shi kaɗai.

Musaddiƙ ya sa sunansa. Aka ce intabiyu ranar Talata.

A wannan Juma'ar ce Ummul-Khairi ta dawo daga gidansu da saƙo.

"Abban Ilham, Baba ya ce in gaya maka kada ka wahalar da kanka. Yana cikin masu intabiyun. Ya ce ka je kawai ka nuna fuska, an gama magana."

Baban nata shi ne Alhaji Abdussalam. Gonarsa ta shinkafa ita ce ta farko a bakin babbar ƙofa, faɗinta sai ido ya gaji.

Musaddiƙ ya yi murna. Wa zai ƙi? Ya ce, "Allah Ya ƙara masa girma." Ya ɗauki hula ya tafi masallaci.

Bayan an sauko, ya tsaya a majalisarsu ta gindin darbejiya, wajen mai rake. Ashe labari ya riga shi. Abokinsa Lukmanu yana hango shi ya miƙe yana jinjina.

"Ranka ya daɗe, sarkin ruwa! A matsa, a ba shi benci."

"Wane sarki kuma? Ko intabiyun ba a yi ba."

"Intabiyun me? Alhaji ya daɗe da mallakar ƙofa, mai riƙe masa makulli kawai yake nema. Yanzu ya samu a cikin gida. Ko kira ba sai ya yi ba, 'yarsa za ta kai maka saƙo tare da tuwo."

Aka kwashe da dariya. Mai rake ya ce, ba tare da ya ɗago daga firar da yake yi ba, "Kowa ya ci ladan kuturu dai, ya san sauran."

Musaddiƙ ya yi yaƙe. Raken da ya saya bai sha ba, ya bar shi a kan benci.

Da gari ya waye bai je injin casa ba. Ya ɗauki kanal da ƙafa tun daga babbar ƙofa. A farko kore ne shar, ruwa har yana ambaliya yana bin hanya. Yana tafiya ruwan yana sirancewa. Ya ga inda aka fasa gefen kanal aka toshe da buhu, ya ga inda ciyawa ta cinye magudana, ya ga tiyo a ɓoye cikin kainuwa. Duk wanda ya tarar a gona, ya tsaya ya tambaye shi ranar da ruwa ya zo masa na ƙarshe. Wasu suka amsa, wasu suka tofar da yawu.

Da ya isa ƙarshen layi, magudanar ta bushe har ƙasa ta tsattsage. Ya tarar da wata dattijuwa tsaye a cikin albasa, ganyen duk ya kwanta ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Halimatu Sa'adiyya ke nan. Tun da mijinta ya rasu ita take riƙe da gonar, kuma ita 'yan ƙarshen layi suka tura cikin masu intabiyu, don bakinta ba ya tsoron kowa.

"Sannu da aiki, Hajiya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mijin 'yar Abdussalam?"

"Ni ne."

"To ka zo duba abin da za ka ƙarasa kashewa? Ga shi nan, duba da kyau."

Ta juya masa baya. Ya tsaya kaɗan, ya ga babu sauran magana, ya koma.

Da yamma ya zauna a tsakar gida shiru. Ummul-Khairi tana tankaɗe, ta dube shi.

"Ko ba ka son aikin ne?"

"Ina so. Har raina ina so. Na gaji da jiran a kira ni dako. Amma ba na so a ba ni shi kamar an ba yaro alewa, gobe a ce buɗe baki in gani."

Ta ajiye rariya. Ita ta fi kowa sanin ubanta.

"To idan ba ka so a ba ka, sai ka karɓa da bakinka. Kai kuwa a gaban Baba ko tari ba ka iya yi."

Gaskiya ta faɗa. Ku 'yan birni ba lalle ku gane wannan ba. A wajenmu mutum ba ya zama kan kujera surukinsa yana wurin. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya kama sunansa. Idan ya hango shi a hanya, ko ya sake hanya, ko ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Tun da Musaddiƙ ya yi aure, maganarsa da Alhaji ba ta wuce "ina kwana" da "Allah Ya ƙara girma" ba.

Ummul-Khairi ta kifa turmi ta hau ta zauna. Ta naɗa zani a ka kamar rawani, ta turo ciki, ta yi gyaran murya irin ta ubanta, mai kama da injin ban ruwa da ya ƙi tashi.

"Ehem! Kai yaro, me ka sani a kan ruwa?"

Musaddiƙ ya fashe da dariya. "Ki ji tsoron Allah."

"Ba a yi wa masu intabiyu dariya. Amsa."

Ya fara magana yana kallon ƙasa.

"Tururuwa kake wa bayani? Ɗago kanka. Ɗaga murya, Hajiya Sa'adiyya ba ta ji sosai."

"Tana ji sarai. Abin da ba ta so ne ba ta ji."

Haka suka yi ta yi har ranar Litinin. Ta tambaye shi ya amsa, ya yi kwana-kwana ta dawo da shi. Ta ce idan bai san abu ba kada ya ƙaga, ya ce bai sani ba. Shi kuma ya je ya sami Baballe a inda yake sayar da taki a kasuwa, ya zauna ya saurari yadda aikin yake da yadda ya kayar da shi. Ya wanke farar shaddarsa ta sallar bara, ya kai aka buga.

Ranar Talata ya riga kowa zuwa. A ajin wata makarantar Islamiyya ake yi. Masu nema suka taru a inuwar baranda, ana kira ɗaya bayan ɗaya. Yana zaune yana maimaita amsoshinsa a zuci, gabansa bai faɗi ba.

Aka kira sunansa.

Yana sa kai ya gan su a bayan tebur. A tsakiya Malam Iliyasu, shugaban ƙungiya, malamin makarantar, shi ma manomi ne. A hagunsa Hajiya Sa'adiyya. A damansa Alhaji Abdussalam, da babbar riga da carbi. Ga kujera guda an ajiye a gabansu.

Alhaji ya yi gyaran murya.

Shi ke nan. Duk abin da aka koya a kan turmi ya bi iska. Kafin Musaddiƙ ya san abin da yake yi, ya tuɓe takalmi, ya rakuɓe a bakin ƙofa ya durƙusa, kansa a ƙasa.

Malam Iliyasu ya ce, "Bismillah, ga kujera."

"Nan ma ya isa, Allah gafarta Malam."

"To. Gaya mana, me ya sa kake neman wannan aiki?"

Musaddiƙ ya motsa baki. Abin da ya fito ko shi kansa bai ji ba.

Alhaji ya karɓe. "Yaro ne mai ladabi, Malam, kana dai gani. Ba ya musu, ba ya ɗaga ido. Irin wanda muke nema ke nan."

Malam ya sake tambaya, "Ka san tsarin rabon kwanaki?"

"Ya sani," in ji Alhaji. "Abin da bai sani ba ma za mu nuna masa."

Hajiya Sa'adiyya ta tafa hannu ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Malam, wa muke wa intabiyun ne, yaron ko surukinsa? Don ni muryar mutum ɗaya nake ji." Ta nuna Musaddiƙ da haɓa. "Ku dube shi don Allah. Mutumin da ya kasa zama kan kujera a gaban surukinsa, shi ne zai rufe masa ƙofar ruwa? A kira na gaba, albasata tana can tana mutuwa."

Malam Iliyasu ya juya ya dubi ƙofa, alamar zai kira wani.

Musaddiƙ ya gane abin da zai faru. Idan ya fita a haka, ko dai a hana shi aikin, ko Alhaji ya matsa a ba shi, ya zama Baballe na biyu. Duka biyun babu na ɗauka.

Ya miƙe.

Ya tako har gaban tebur. Ya ɗan rusuna wajen surukinsa.

"Baba, ka gafarce ni. A zaurenka wurina ƙasa ne, kuma haka zai zauna har in mutu. Amma nan aiki na zo nema."

Ya ja kujerar ya zauna.

Carbin Alhaji ya tsaya cak.

Musaddiƙ ya dubi shugaban, muryarsa ta fito. "Allah gafarta Malam, ka tambaye ni dalili. Ina da iyali, ina neman abin da zan riƙe su. Wannan na farko ke nan, ba zan ɓoye ba. Na biyu, na bi kanal ɗin nan da ƙafata daga sama har ƙasa. Ruwan da ake saki ba shi da yawa, amma bai kai a ce wani yana ambaliya wani yana ƙonewa ba. Ina ganin zan iya raba shi."

Malam ya gyara zama. Ya tambaye shi tsarin kwanaki, ya faɗa. Ya tambaye shi abin da zai yi idan ya ga an fasa kanal, ya ce zai toshe, ya kawo wa ƙungiya sunan mai gonar, ba zai yi dambe da kowa ba. Ya tambaye shi ko ya iya gyaran ƙofa idan ƙarfenta ya cije.

"Ban iya ba. Ban taɓa yi ba. Idan an nuna mini zan koya."

Hajiya Sa'adiyya ta karkato. "Duk wannan zance ne. Ga tambayata. Ranar 'yan ƙarshen layi ce, sai ga saƙo daga wannan bawan Allah," ta nuna Alhaji, "ya ce a buɗe masa. Me za ka yi?"

"Ba zan buɗe ba."

"Ɗaga murya, ba na ji sosai."

"Na ce ba zan buɗe ba, Hajiya. Kuma ke ma idan kika aiko ranar da ba taki ba, amsar ke nan."

Ta ɗan ja baya, ta ce, "Ji mini yaro."

Sai a lokacin Alhaji ya yi magana, a hankali, yana kallon bango, don shi ma bai saba duban surukin nasa ba.

"Shinkafar nan da ake magana, daga cikinta ake kai buhu gidanka. 'Yata da jikata suna ci. Idan ta fara ƙonewa, tsayawa za ka yi kana kallo?"

Musaddiƙ ya juyo wajensa.

"A'a, Baba, ba zan tsaya kallo ba. Idan na tashi daga aiki zan ɗauko inji in jawo maka daga rijiya, in kwana a gonar idan ta kama. Ƙarfina naka ne. Amma ruwan kanal ba nawa ba ne da zan ba ka."

Malam Iliyasu ya ce, "To, mun ji. Kana da abin da za ka tambaye mu?"

Yawancin masu nema idan an zo nan sai su ce babu, su yi godiya su fita. Musaddiƙ ya ce akwai.

"Na je na ga Baballe. Bai ce ba shi da laifi ba. Amma ya ce ranar da ya gwada hana wani babba, babu wanda ya tsaya masa, ranar da aka tashi korar sa kuwa kowa ya sa hannu. Shi ne nake tambaya. Idan na rufe wa mai ƙarfi ƙofa ya taso mini, ƙungiya tana bayana, ko ni ma taki zan koma sayarwa?"

Malam Iliyasu ya sunkuyar da kai ya daɗe yana shafa gemu. Tambayar ta taɓa shi, don yana shugaba aka yi wancan.

Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya miƙe.

"Malam, ni na tsaya wa yaron nan. Yanzu na janye hannuna. Ku zaɓi wanda kuka ga dama, ban da shi."

Ya fice. Da zai wuce, Musaddiƙ ya tashi daga kujerar ya rusuna har ya fita. Sannan ya yi wa sauran godiya, ya sa takalminsa ya tafi.

A gida Ummul-Khairi tana jiran sa a bakin ƙofar ɗaki.

"Yaya?"

"Na zauna a kujerar."

Ta dafe ƙirji. "A gabansa?"

"A gabansa. Ya ce ya janye hannunsa."

Ubanta ne, kuma ta san fushinsa ba ya saurin sauka. Ta san buhun shinkafa ba zai zo bana ba. Can ta ce, "Ka zage shi?"

"Allah Ya kiyaye."

"Ka yi ƙarya?"

"A'a."

"To tashi ka ci abinci. Dako bai ƙare a duniya ba."

Ya ci kaɗan. Ya cire shaddar ya ninke, ya sa tsohuwar rigarsa, yana tunanin gobe ya koma injin casa ya ga ko da aiki.

Bayan la'asar sai ga adaidaita ta tsaya a ƙofar gida. Aka yi sallama da murya mai kaushi. Ya fito ya ga Hajiya Sa'adiyya, ko saukowa ba ta yi ba. Ta miƙo masa wani ƙarfe mai lanƙwasa, makullin ƙofofin kanal.

"Karɓi, nauyi gare shi."

Ya tsaya yana kallon ta. "Hajiya, ai Baba ya ce..."

"Ya ce ban da kai. Da ya ce sai kai, da na hana, ko za a kwana ana yi. Ni da Malam mun ce kai ne. Malam ya ce in gaya maka amsar tambayarka: duk wanda ya taso maka, ka turo shi wajensa, kuma zai faɗi haka a masallaci ranar Juma'a kowa ya ji. Gwaji ne, zuwa faɗuwar damina. Ka karkace, ni zan fara jifan ka."

"Na gode, Hajiya."

"Kada ka gode mini. Gobe Laraba, ranarmu ce. Ina son in ga ruwa, ba godiya ba." Ta daki kafaɗar direba. "Mu je, kai kuma."

Washegari da ya fito daga sallar asuba, bai wuce kanal ba. Ya nufi gidan Alhaji Abdussalam. Ya tarar da shi a zaure kan buzu yana lazimi. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a inda ya saba durƙusawa.

"Baba, ina kwana."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Lafiya," bai ƙara ko kalma ba.

"Allah Ya ƙara girma."

Ya tashi ya ɗauki makullinsa da ya jingine a waje, ya taka zuwa babbar ƙofa. Ya tarar da ƙofar layin Alhaji a buɗe, ruwa yana kwarara cikin shinkafa. Ya ɗora ƙarfen, ya yi bismillah, ya murɗa har ta zauna. Ruwan ya taru, ya juya, ya kama hanyar ƙarshen layi. Ya saɓa makullin a kafaɗa ya bi shi a ƙafa.

Darasi: Idan za ka neman aiki, ka shirya da kanka ko da an ce maka an gama magana. Ka san aikin, ka buɗe baki a ji ka, abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, kuma kada ka bari wani ya amsa a madadinka, don wanda ya amsa maka yau shi zai juya ka gobe. Ladabi wajibi ne, amma ba shi ne rufe baki ba. Ku tura wa duk wani matashi da kuka san yana neman aiki.